Yadda Tanimu Ya Jera Aljannu Sittin

A zamanin Sarki Jatau na Birnin Tsauwa, na bakwai a jerin sarakunan gidan, ba na takwas ba kamar yadda maroƙa ke faɗi, sama ta ɗauke ruwa har aka cinye irin shuka. Ɗansa Tanimu, dogo siriri, mai yawan haƙuri da ƙarancin magana, ya ratsa dajin da itatuwansa ke gulma, ya haye kogin da ke gudu da baya, har ya durƙusa gaban Damrusu, Sarkin Aljannun Gajimare, mai rawanin walƙiya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa muka zo roƙo."

Damrusu ya yi ajiyar zuciya har labulen fada suka kaɗa. Ya ce, "Ɗan mutum, 'ya'yana sittin ke jan hadari, kuma dokar kakanni ce ba sa tashi sai sun jeru sahu-sahu, daidai wa daida. Sun ƙi jeruwa. Jera su ka sami ruwa, ka kasa ka koma ka binne mutanenka."

Tanimu ya ɗauka abin mai sauƙi ne, domin sittin lamba ce mai karimci, tana rabuwa ta hanyoyi da yawa. Ya jera sahu shida na goma-goma, na baya suka ce su ba bayi ba ne. Ya gwada biyar na sha biyu, huɗu na sha biyar, uku na ashirin. Da ya kai sahu biyu na talatin-talatin, wani mai jan gemu ya daka tsawa yana nuna ƙanensa: "Ni zan tsaya ina kallon ƙeyar Dunƙuru? Yaron da na girma da ƙarni guda?"

Tanimu ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, saura hanya ɗaya da ba ta barin kowa a baya. Sahu ɗaya na sittin, kowa yana gaba."

Fuskoki suka fara sakewa, sai Dunƙuru ya ce, "To, wa zai tsaya a ƙarshen dama?"

Kafin rigima ta sake tashi, Tanimu ya kama hannun na farko ya haɗa da na ƙarshe, sahun ya zama zobe, kowa ya waiga ya ga wani a hagunsa, wato shi ne a dama, ya gamsu.

A haka suka tashi, kuma a haka suke tashi har yau. Ruwa ya zuba kan gonakin da suka kewaye birni, tsakiya kuwa ko ɗigo. Gero ya yi albarka, jama'a suka rayu, aka naɗa Tanimu sarki bayan mahaifinsa. Ya yi mulki mai tsawo cikin adalci, kuma kowace safiya jakunan fada kan fita ƙauye roƙon ruwan wankan sarki. Allah shi ne mai rabo.