Ƙoƙon Bagaruwa da Sarki Ya Zubar

An yi wani sarki a wata alƙarya mai ganuwa, sunansa Tanimu. Sunan garin ya kuɓuce mini, ko da yake na taɓa yada zango a cikinsa, na sha ruwan rijiyarsa mai kanwa-kanwa. Labarin dai bai kuɓuce ba.

A fadarsa akwai wata al'ada da aka gada. Kakansa ya rasu ne bayan ya sha wani abin sha da ya ɗaure masa baki, ya busar masa da harshe, aka ce sammu ne. Tun daga nan aka kafa doka cewa duk abin da zai shiga bakin jinin sarauta sai wani bawa ya fara ɗanɗanawa. In ya ji bauri, wato ɗaurewar baki irin ta ɗanyar kanya, to guba ce, a zubar, a kama wanda ya kawo. Ko goron fada ma baƙi kawai ake ba, 'ya'yan gidan suka tashi ba su san bauri ba sai a labari.

Sarki yana da 'ya guda, Tasalla, ba shi da wani ɗa bayanta. Atuni ya kama ta, ciki ya sake, jini ya ƙi tsayawa, har idanunta suka faɗa. Aka kirawo Malam Jibo, masanin magani wanda ya yi karatu a Gabas, ya jiƙa bagaruwa ya kawo a ƙoƙo. Ya san dokar gidan, amma ya zaci za ta saurara inda rai yake. Ya ce wa bawan ɗanɗano, mai suna Nasamu, "Zai ɗaure maka baki, kada ka firgita, aikinsa ke nan."

Nasamu ya kurɓa, ya ji harshensa ya manne wa ganɗa, ya yi kururuwa, "Guba ce, ranka ya daɗe! Wallahi ta kama ni!"

Sarki ya karɓi ƙoƙon, ya tuntsurar da shi a ƙasa da hannunsa. Aka kai Malam Jibo kurkuku. Gimbiya kuwa aka dinga ba ta ruwan tsamiya da zuma, domin su ne suka wuce bakin Nasamu lafiya, ciki ya ƙara sakewa. Ba a jima ba aka yi mata sutura.

Bayan an share makoki, sarki ya kira Alƙali Inuwa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina so in kashe Jibo, amma ba na so a ce fushi ya kashe shi. Ka zo mini da ma'anar bauri a gaban jama'a. In guba ne, hauni mai sare kai yana jira. In ba guba ba ne, sai ka faɗa mini wanda ya raba ni da 'yata."

Alƙali ya gane cewa kowace amsa akwai wuyan wani a cikinta. Ya fara biyawa kurkuku, domin shi da Jibo tare suka yi karatu tun suna samari.

Jibo ya gan shi, ya yi murmushin yaƙe. "Inuwa, ka zo auna wuyana ne? Siriri ne, ba zai wahalar da hauni ba."

"Kai dai bakinka ya fi bagaruwa bauri. Jibo, don Allah, da ta sha, da ta tashi?"

Jibo ya ce, "Na ga waɗanda suka tashi, na ga waɗanda suka tafi. Kada ka yi ƙarya domina."

Da fada ta cika, alƙali ya shigo da ƙoƙon jiƙo da ɗan ƙullin garin bagaruwa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mutane suna haɗa bauri da ɗaci, suna haɗa shi da tsami, alhali kowanne da ɗabi'arsa. Ɗaci da tsami harshe ne kaɗai ke jinsu. Bauri kuwa nama ne ke jinsa, domin tattarawa yake yi, yana jawo abin da ya saki, yana tsuke abin da ya buɗe."

Ya zaro 'yar aska ya tsaga tafin hannunsa. Jini ya zubo a kan buzu, fadawa suka yi salati. Ya barbaɗa garin, ya danne, jim kaɗan ya buɗe hannu, jinin ya lafa.

"Wanzamai da shi suke tsayar da jinin kaciya. Majema da shi suke ɗaure fata don kada ta ruɓe. Mata suna wanke fuska da irinsa idan maiƙo ya yi yawa, fata ta tsuke. Shayin da ya daɗe a wuta, goron da kuke ba baƙi, abin nan da ke kama baki a cikinsu duk shi ne. In ya yi yawa yana ɗaure ciki ya wahalar, kamar kowane magani, amma cikin da ya sake shi yake nema."

Sa'an nan ya ɗaga ƙoƙon ya shanye. Nasamu ya rufe ido yana jiran alƙali ya faɗi. Bai faɗi ba.

Sarki ya ce, "To kakana fa?"

"Allah ne ya san abin da ya kashe shi, ranka ya daɗe. Mai yiwuwa guba ce aka ɓoye a cikin bauri, mai yiwuwa ajali ne ya tarar da ƙoƙo a hannunsa. Waɗanda suka ga mutuwarsa sun tsorata, tsoronsu ya zama doka."

"Saura amsa ta biyu, Malam."

Nasamu ya kife a ƙasa. "Abin da aka ɗora ni a kai na yi, ranka ya daɗe. Ubana ma haka ya yi."

Alƙali ya ce, "Gaskiya ya faɗa, babu laifi a kansa. Jibo ya kawo magani, bawa ya faɗi abin da bakinsa ya ji, sarki ya bi dokar kakanninsa. Na duba shari'a ban sami wuyan da zan miƙa wa hauni ba. Dokar ce ta hana ta sha."

"Dokar ba ta da hannu, Malam. Hannun nan ne ya zubar." Sarki ya ɗaga hannunsa yana kallo kamar na wani. "Faɗa mini abu guda, in huta ko in ƙone. Da ta sha, da ta rayu?"

Fadawa suka dinga yi wa alƙali ido, suna so ya ce a'a don sarki ya sami sauƙi. Amma in ya ce a'a ya zubar da hujjar Jibo, in ya ce i ya shiga ilmin gaibu.

"Ban sani ba, Allah ya ba ka nasara. Jibo ma bai sani ba. Babu mai sani har ranar tsayuwa."

Sarki ya ja amawalin rawaninsa ya rufe fuskarsa. Daga bisani ya ce a kwance Malam Jibo, a soke dokar daga yau. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa alƙali, ya ba shi doki da gona, ya ce, "Ka hana ni jinin mutum, ka kuma hana ni ƙaryar da zan jingina da ita. Ladan na farko ne wannan. Na biyun ban san ko zan iya yafe maka ba."

Aka shigo da Jibo yana jan ƙafa, marin ƙarfe ya cinye masa idon sawu. Sarki ya roƙe shi ya zauna ya zama likitan fada. Jibo ya yi godiya da ladabi, ya ce hannunsa yanzu rawa yake yi duk lokacin da ya ɗauki ƙoƙo, ya nemi izinin barin garin. Aka ba shi. Sarki Tanimu ya ci gaba da zaman fada yana yanke hukunci daidai, amma waɗanda suka yi zamani da shi sun ce ba su ƙara ganin haƙoransa ba.

Haka na ji shi, ya ku masu karatu. Adalci ba ya ta da wanda aka binne, ba ya kuma lallashin mai kuka. Iyakar ikonsa ya hana a haƙa kabari na biyu don jin zafin na farko.