Ciyawar Bayan Gidan Maccido

A ƙarshen Mabera, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su soma, akwai wani mai kiwon raguna ana ce masa Maccido. Mutum ne mai neman na kansa, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa ɗaya ne: in magana ta fito daga bakin mace, ko gaskiya ce tsirara, ba ya ɗauka.

Shekarun nan kowa ya ga yadda lokaci ya juya. Damina ta zo da ruwa kamar za ta tafi da gari, ciyawa ta yi tsawon mutum. Bazara kuma ta zo da zafin da tsofaffi ma suka ce ba su san irinsa ba. Ciyawar nan ta bushe ƙayau, ta kewaye unguwa tana jiran ƙyastu.

Inna Kulu mai masa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu, ita ta fara tada magana. Ta ga abin da wuta ta yi wa gidan ƙanwarta can hanyar Wamakko, ta rantse ba za ta zauna ta jira nata rabon ba. Ta tara mata, suka tsaya wa mai unguwa a ƙofa har sai da ya kira gayya. Aka shirya a nome ciyawar bayan gidaje, a bar fili tsirara wanda wuta ba za ta iya tsallakewa ba, kowane gida kuma ya ajiye duro na ruwa da buhun yashi.

Gayya ta yi ta tafiya har ta iso bayan katangar Maccido. Nan ya fito ya tsaya, hannu a ƙugu. Ciyawar nan yake tattali don ragunansa su ci har Layya, ga kuma harawa ya jibge a kan rumfarsu.

"Kowat taɓa min wagga ciyawa, ni da shi," in ji shi. "Abincin bisashena ta."

Kulu ta dogara hauyarta. "Maccido, wuta ba ta san katangar wane ba. In kab bar mata ƙohwa, ta nan za ta shigo muna."

"Ke Inna Kulu, koma ki juya masarki kar ta ƙone. Tun ina yaro ciyawa ag ga nan, mi tac ci?"

"Zahin da kas sani kana yaro, shi na wanga?"

Maza suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Dariyar nan ita ta ƙara masa taurin kai. Aka tsallake gidansa, aka ci gaba. Matarsa Adawiyya ta roƙe shi ko duron ruwan ya bari ta ajiye, ya ce ba a gidansa ba.

Wata rana bayan azahar, kowa na kwance a inuwa, wani manomi ya sa wa sassabensa wuta, iska ta ƙwace ta. Ta taho da gudu, ta iso filin da aka nome, ta rasa abin ci, ta mutu. Sai bayan gidan Maccido. Nan ta samu hanya, ta haye katanga, ta kama harawa. Raguna na ɗaure a turke suna kuka. Ya faɗa ciki da wuƙa yana yanke igiya, bai fid da ko rabi ba rumfa ta rufta. Matan da ya raina su suka jeru da bokitai, suna miƙa ruwa da yashi daga durominsu, har suka tare ta kafin ta shiga ɗakuna.

Maccido ya fita da ransa, hannuwa a ƙone, kiwon shekara ya zama toka. Kunya ta fi ƙunar ciwo. Ya rufe ƙofa, ya ƙi masu jaje, ya ƙi abinci. Adawiyya kuwa ko hayaƙin murhu ta gani sai ta zabura ta yi waje, mata suka riƙa karɓa-karɓa suna zama da ita, suna yi mata girki da hira.

Kulu ba ta jira izini ba. Ta yi sallama ta tura ƙofa, ƙwaryar fura a hannu ɗaya, hauya a ɗayan.

"In dariya kiz zo yi, yi ki tahi," in ji shi, kai a ƙasa.

"Da dariya nika so, da ban ɗebo maka ruwa ba. Sha hura. Bisashe sun tahi, kai kana nan, mu ma muna nan." Ta jingina hauyar a bango. "Wagga kau ta gobe ta. Akwai sauran ciyawa bayan makaranta."

Ya ɗaga hannuwansa naɗe da bandeji. "Da mi zan riƙa ta?"

"Bakinka dai bai ƙone ba. Da shi kah hana gayya, da shi za ka kira ta."

Ya ce ta ɗan ɗaga masa ƙwaryar ya sha. Washegari da safe aka ji muryarsa gida-gida yana ta da maza.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, zafin nan da ya canza ba zai nemi shawararmu ba, kuma ba za mu zauna ya cinye mu ba. Wanda ya ƙi aikin jama'a don abin da zai tsira da shi, ƙofar masifa ya buɗe, kuma gidansa za ta fara shiga. Gaskiya kuwa a karɓe ta ko daga bakin mai masa ta fito. In kuma wani ya faɗi, kada a bar shi da kunyarsa shi kaɗai: a kai masa fura, a kai masa hauya.