Allura Mai Ƙarya a Motar Baba

Wayyo daɗi! Inna, yau dai Baba ya fasa sayar da motarsa! Tsaya in huta, da gudu na taho.

Kin san wata biyu ke nan allurar da ke nuna zafin motar tana hayewa ja, har Baba ya ce injin ya mutu. To, da ya ɗauko ni daga makaranta sai muka biya garejin Usta Barau, tsohon nan mai gemun lalle, don ya yi wa motar kuɗi. Usta ya buɗe bonet, ya dafa tiyon lagireto, ya ce, "Alhaji, zauna tukuna, ka ji labarin Ɗan'azumi direba."

Baba ya zauna kan taya yana tsaki.

Usta ya ce, "Ɗan'azumi yana jigilar Kano zuwa Gumel. Allurarsa ta riƙa hawa ja, duk ƙauyen da aka iso sai ya tsaya zuba ruwa, fasinja na ta mita. Sai wata tsohuwar ungozoma daga kujerar baya ta ce, 'Ɗan nan, saurari labarin Laraba.

"'An ba Laraba ma'aunin zafi a asibiti. Ta sa wa jaririnta, ya nuna zazzaɓi. Kwana uku tana goge shi da ruwan randa, yaro na tsala ihu. Da na je, na taɓa goshinsa, lafiya lau. Na sa wa Laraba ma'aunin, zazzaɓi. Na sa wa mijinta da ya gama cin tuwo malmala uku, zazzaɓi! Ɗan nan, kafin ka wahalar da mai lafiya, gwada mai kawo maka labarin.'

"Ɗan'azumi ya ce ya gane. Suna isa tasha ya tsinke wayar sansa, wato ɗan ƙarfen da ke gaya wa allura zafin injin, ya haɗa fanka dayarek, ta riƙa juyawa ba tsayawa. Ran da tiyo ya fashe masa a Gujungu, allura ko motsi ba ta yi ba, injin ya ƙone ƙurmus. Tsohuwa ta ce a gwada, shi kuma ya ji a tsinke. Kai kuma, Alhaji, ka ji a sayar."

Inna, da kin ga fuskar Baba! Ya ce, "To, Usta, gwada mu gani."

Usta ya kwance sansar, ko babban yatsana ba ta kai ba. Ya jona mata mitarsa, ya tsoma ta a ruwan sanyi, ya ce, "'Yar boko, karanta mana." Na karanta. Ya tsoma ta a butar shayinsa mai tafasa. Lambar nan dai, ko gezau!

Usta ya ce, "Ka gani? Sanyi da zafi duk ɗaya ne a wurinta. Injinka ƙalau yake."

Baba ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Na karɓa, Usta. Saura kaɗan in zama ƙanin Ɗan'azumi." Har shafa bayan motar ya yi, wallahi na gan shi!

Gobe za a kawo sabuwar sansa. Baba yana so ya tsaya a ƙofar gida ya yi wa Ummana hon, ya kai ta unguwa. Don Allah, don Annabi, Inna, kar ki gaya wa kowa tukuna. Ko murmushi kar ki yi in Umma ta shigo!