Murfin Kwalbar Malam Zakariyya

Akwai wani ɗalibi mai suna Mukhtar a ajin SS2 na wata sakandare a Tarauni. Ya iya lissafi, kuma ya san ya iya. Kafin malami ya gama rubuta tambaya a allo, hannunsa na sama.

A ajin akwai Rahila, 'yar wata ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Gyadi-Gyadi. Tana ƙoƙari, amma ba ta da sauri.

Wata Alhamis malamin lissafi, Malam Zakariyya, ya koya musu darasin yiwuwa. Ya ce iri biyu ce. Akwai wadda ake lissafawa a takarda: sule fuska biyu gare shi daidai da juna, don haka kowace tana da rabi. Akwai kuma wadda ake samu in an gwada da hannu an ƙirga.

"Sulalla sun yi wuya yanzu," in ji shi, ya raba musu murfin kwalbar lemo ɗai-ɗai. "Kowa ya jefa sau ɗari a gida, ya ƙirga kife da rigingine. Wanda aikinsa ya fi, shi zai wakilce mu a gasar makarantu."

Mukhtar ya saka murfin a aljihu, bai sake taɓa shi ba. Gefe biyu ne, me za a ɓata lokaci a kai? Ya rubuta hamsin da hamsin. Har ya gaya wa mahaifinsa cewa shi za a tura gasa.

Rahila kuwa ta zauna a tsakar gida tana jefawa. Rigingine ya kusa saba'in. Ta sake daga farko, abin bai canja sosai ba.

Washegari Mukhtar ya leƙa aikinta ya fashe da dariya.

"Saba'in? Ke ko jifa ba ki iya ba. Gyara kafin Litinin, kar ki ba mu kunya."

Ta koma gida. Mahaifiyarta ta dawo daga asibiti ta same ta da abin goge rubutu a hannu.

"Mama, kowa ya ce rabi ne. Ni kaɗai na fita daban."

"Me kika gani da idonki?"

"Saba'in."

"To ni in na auna zafin jikin mara lafiya na ga ya hau, sai in rubuta na mai lafiya don a ce na iya aiki? Bar shi yadda yake."

Ranar Litinin Malam Zakariyya ya duba aikin kowa. Da yawa sun kwafi na Mukhtar. Bai yi faɗa ba. Ya kira Mukhtar gaban aji, ya ce ya jefa, aji na ƙirgawa.

Rigingine. Rigingine. Kife. Rigingine. Tun ana dariya har aka daina.

"Malam, murfin nan ne ke da matsala," in ji Mukhtar.

Aka ba shi wani. Aka sa kowane layi ya jefa nasa, aka haɗa jimla a allo. Jimlar ta tsaya kusa da abin da Rahila ta rubuta.

"Mukhtar, lissafinka na sule ne," in ji Malam. "Ni murfi na ba ka, gefe ɗaya ya fi nauyi. Kuma ko sulen ne, ba kasafai yake ba da hamsin cif ba. Sai jifa ya yi yawa yake matsowa kusa da rabi. Ka jefa kuwa?"

Mukhtar ya sunkuyar da kai. "A'a, Malam."

Rahila aka tura gasar, ta zo ta uku. Shi kuwa Mukhtar, har suka gama makaranta 'yan ajin ba su daina kiransa Rabi-da-Rabi ba.

Darasi: Abin da ka lissafa daban, abin da ka gwada daban, kuma mai girman kai ne ke raina gwaji. Faɗi gaskiyar abin da ka gani ko da kai kaɗai ka gan shi. Ku tura wa ɗalibai da iyayen da kuka sani, wataƙila wani ya ajiye abin goge rubutunsa.