Turken da Dutsen Maciji Ya Ƙi Karɓa

An ce wani sarki daga cikin sarakunan zamanin da, yana da irin wata farar dawa mai manyan zangarniya, wadda yake ƙauna kamar 'ya'yan cikinsa, har ya rantse sai kowane lungu na ƙasarsa ya noma ta. A can gefen ƙasar akwai waɗansu duwatsu masu ƙarancin ruwan sama, da wani ƙauye a bisansu. Dutsen wurin kore ne mai santsi, da zane kamar fatar maciji, shi ya sa ake kiransa dutsen maciji. Jan yumɓu ne ya lulluɓe shi, irin wanda in an yi ruwa yake kama ƙafa kamar danƙo, in rana ta buga kwana uku kuma ya tsattsage. Mutanen wurin awaki suke kiwo, su ɗan yafa acca inda ƙasa ta taru tsakanin duwatsu, matansu kuma su gina tukwane.

A cikinsu akwai wata tsohuwa, Tabawa, maginiyar tukwane, mahaifiyar mai garin, Jatau. Shekara hamsin tana tonon yumɓun nan, ta san shi fiye da yadda ta san ɗanta.

Wata rana waziri ya hau da mutanensa don ya gwada ƙasar. Ya ga ja ce, ya murza ya ji laushi, ya ce kai, wannan ai ba ta da na biyu. Ya sa aka ɗauko babbar randa daga wurin Tabawa, aka cika ta da yumɓu don a kai fada. Tabawa ta ce masa, "Ranka ya daɗe, da kun tona kun ga abin da ke ƙarƙashi." Waziri ya ce tsohuwa ta ji da tukwanenta. A fada mai lambun sarki ya gauraya yumɓun da kashin dawaki, ya shuka dawar, yana ba ta ruwa safe da yamma, ta tashi ta fi katanga tsawo. Shi ke nan sai umurni ya fito: a sayar da awaki, a bar acca, kowa ya noma dawar sarki.

Shekara uku ana abu ɗaya. Dawa ta tsiro, ta kai gwiwa, ganyenta ya yi rawaya, ta tsaya cak kamar an tsawata mata. Kowace shekara waziri ya aiko da ɗan saƙo, Tabawa ta tare shi ta ce a tona, shi kuma ya koma ya ce mutanen dutse ragwaye ne. Abin ya ishe ta, har ta daina gaishe da 'yan fada. Yunwa kuwa ta riga ta shiga gari, ga awaki babu.

A shekara ta huɗu sarki ya fusata, ya hau da kansa. Ya tsaya a gonar Jatau, ya dubi karan da bai kai ƙugu ba, ya ce, "Ƙasar da ta ba ni dawa a fada ita ce ta hana ku a nan? A kafa turke a tsakiyar gonar nan, a ɗaure mai gari, a yi masa bulala ɗari, a kwance masa rawani."

Dogarai suka ɗaure wa Jatau hannu. Shi kuwa ya fara furfura, ga shi yunwa ta rame da shi. Tabawa ta san bulala ɗari ba za ta bar shi da rai ba. Tsoro ya kama ta, amma haushi ya fi tsoron yawa. Ta ratsa dogarai ta durƙusa.

Sarki ya ce, "Ke kuma wace ce?"

Ta ce, "Ya sarki, ni ce wadda ta fi kowa cin amfanin ƙasar nan, alhali ban taɓa shuka ko ƙwaya a cikinta ba."

Sarki ya ce, "Yaya za a ci amfanin ƙasa ba shuka?"

Ta ce, "Tukwane nake ginawa, Allah ya ba ka nasara. Ƙasar ta san aikinta, 'yan fada ne ba su sani ba. Ni ma ina da tambaya. Tun da sarki ya hawo, ya ga kabari ko ɗaya a garin nan?"

Sarki ya ce, "Ban gani ba. Ba ku mutuwa ne?"

Ta ce, "Muna mutuwa, bana ma mun fi kullum. Amsar tana hannun masu kafa turke. Ban roƙi a yafe wa ɗana ba. Roƙona ɗaya, a ɗaure shi a inda sarki ya ce, a turken da aka kafa a gonarsa, ba a wani wuri ba."

Waziri ya ce tsohuwa ta ruɗe. Sarki ya ce a yi yadda ta nema.

Wani dogari ya ɗauko dagi ya fara haƙa. Ramin bai wuce tsawon tafin hannu ba sai ƙarfe ya yi ƙara a kan dutse. Ya matsa gaba, haka. Ya koma bakin gona, haka. Waziri ya ce dogarin ne ba shi da ƙarfi, aka canza wani, shi ma ya haƙa ramuka huɗu, kowanne da koren dutse yana leƙowa a gindinsa. Aka gwada tsayar da turken a mafi zurfinsu, aka cusa ƙasa aka daddanne, ana sakinsa ya kife, saura kaɗan ya sami ƙafar waziri. Rana ta take, sarki yana ta gumi, ransa ya gama ɓaci. Ya sauko daga doki, ya fizge dagin, ya zaɓi inda ƙasa ta fi ja, ya ɗaga ya buga da dukan ƙarfinsa. Dagin ya yi tsalle, hannunsa ya sage har kafaɗa.

Tabawa ta ce, "Ya sarki, shi ya sa muke sauka da mamatanmu kwari, tafiyar rabin yini, don nan babu inda za a rufe ko jariri. Ƙasar da ta ƙi turken sarki, alhali ga dogarai ga ƙarfe, yaya za ta karɓi saiwar dawa? Ɗan yumɓun da ke akwai ma yana da wani ɗaci da ya ɗauko daga dutsen, dawa tana taɓa shi sai ta yi rawaya."

Sarki yana murza hannu ya ce, "To, dawar da ta fito a fada fa?"

Ta ce, "Ni na gina randar, zurfinta kamu biyu ne. Ga inda aka cika ta can." Ta nuna wani fili a ƙarshen gonar, faɗin ɗaki, dutse tsirara ba ko ciyawa. "Sai da suka kankare wancan wuri kaf kafin ta cika. Ƙasar ɗaki guda aka tara wa kara ɗaya, aka haɗa masa da taki da ruwan rijiya. Mu kuwa aka ce mu yi haka a kan ƙasa mai zurfin tafin hannu. Na faɗa wa waziri, na faɗa wa 'yan saƙonsa sau uku, har bakina ya gaji."

Sarki ya juya ya dubi waziri, waziri ya sunkuyar da kai yana duban ramukan, sai yau ya ga abin da aka ce ya duba tun shekara huɗu. Kunya ta rufe sarki. Sa'an nan ya kwance igiyar hannun Jatau da kansa, ya ce a mayar wa garin awaki daga garkensa, a ba su gonaki a kwari, a bar dutse da acca da tukwane. Waziri kuwa aka bar shi ya cike ramukan da hannunsa.

Da zai tafi, sarki ya tsinci guntun koren dutsen, ya ce a ajiye shi kusa da inda yake zaman shari'a. Ya dubi Tabawa ya ce, "Iya, yau kin koya mini abin da fada ba ta koya mini ba. Mai son adalci ya fara auna zurfin ƙasa kafin ya auna laifin manomi."