Mai Sanarwar Rasuwa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a garin da hukuma ta tabbatar annoba ba ta taɓa shiga ba, kuma ba a ba ta izinin shiga ba. Sunansa Malam Haladu. Aikinsa a gidan rediyo sanarwar rasuwa: wane ya rasu, jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansa. Iyakar aikin ke nan.

To, ku saurara. Aka kai sabon famfo unguwar masaƙa, da kiɗa da jawabi. Ba a jima ba mutanen unguwar suka fara mutuwa, gida bayan gida. Hukuma ta sa aka auna ruwan, ta ga abin da ta gani, ta ce sirrin gwamnati ne.

Manajan gidan rediyon ya kira shi. "Malam Haladu, daga yau ban da mamatan unguwar masaƙa. Ka sa waƙa."

"Ranka ya daɗe, wa zai sallace su in ba a ji ba?"

"Kai ne limamin? Na ce ka sa waƙa."

Ya sa waƙa.

Ran nan ya ratsa unguwar da rana tsaka. Zare a miƙe, ba mai saƙa. Ba kuka, don an hana kuka. Daga kowane zaure waƙar da ya sa ce ke tashi. Makara ta gifta shi, ba kowa a bayanta. Wata tsohuwa na cika tulu a bakin famfon, ya yi mata sallama, ta gane muryar.

"Kai ne na rediyo? Ɗan nan, da na ji ba ka faɗa ba, sai na ce ko jikata ba ta mutu ba ne. Har yau ina zuba mata tuwo."

Ku ji fa, jama'a. Har yau tana zuba mata tuwo.

Washegari lokacin waƙa ya yi, Malam Haladu ya yi bisimilla ya fara kiran sunayen mamatan unguwar, ɗaya bayan ɗaya, a natse. Ya ce, "Dukansu ruwan sabon famfo suka sha." Bai kai ga addu'a ba aka katse shirin.

Mutane suka bar famfon. Hukuma ta rufe shi, ta yaba wa kanta da hangen nesa. Shi kuwa mota ta zo ta ɗauke shi, aka ce wa matarsa Delu an yi masa canjin wurin aiki. Ba a faɗi ina ba.

Jama'a, sirrin da ake binne mutane a ƙarƙashinsa ba amana ba ne, mai tona shi kuma bai ci amanar kowa ba. In kun ji ɗan jarida ya fallasa abin da aka ɓoye, kada ku ce ya cika surutu, domin lafiyar 'ya'yanku wani ne ya saya muku da rayuwarsa. Delu ta tsufa tana surfe a gidajen mutane, ba ta yi takaba ba, ba ta sake aure ba.