Kurege da Irin Gyaɗar Surukinsa

Dalilin da ya sa kurege in ya hau bishiya yake zagayawa bayanta don kada ku haɗa ido, ba tsoronku yake ji ba, yara. Kunya ce.

Da can kurege a ƙasa yake zaune, ko kututture bai taɓa hawa ba. Ya auri Kyallu, 'yar Baba Burgu, dattijon da ke ji da shi kamar ɗan cikinsa. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ya yi sammako ya je taya surukinsa shukar gyaɗa. Aka kawo masa kunu. Ya sunkuyar da kai.

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake."

Ƙarya! Ko ruwa bai kurɓa ba. Amma wa zai buɗe baki ya ci a gaban suruki?

Suka shiga gona, Baba Burgu na gaba yana sara da sungumi, Kurege na biye da ƙoƙon iri. Da hantsi ya dubi ludayi, cikinsa ya fara kiran ciroma. Ya jefa ƙwaya a rami, ya jefa wata a baki. Tun yana rabawa da ƙasa har ya daina ba ta, yana rufe ramuka ba komai a ciki, kumatunsa kuwa sun cika tam.

A ƙarshen kunyar gonar dattijo ya juyo.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

To, gaisuwar suruki ba a amsa ta da ka. Kurege ya durƙusa, ya buɗe baki zai ce yauwa, sai gyaɗa ta zubo war a ƙafafun tsohon, daidai lokacin da Kyallu ta iso da furar rana. Wanda ya ji kunyar kunu, ga shi da iri a baki!

Ya so ƙasa ta tsage, ta ƙi. Sai ya ga tsamiya, ya ɗare ta, ya laɓe a bayanta.

"Sauko, ɗan nan, yunwa ce, na yafe," in ji Baba Burgu, yana zagayowa. Kurege ya zame ɗaya gefen. Da zagi ne, da ya iya saukowa. Kyallu ta kira shi har muryarta ta dishe, ta ɗauki ƙwaryarta ta bi mahaifinta gida.

Shi ya sa har yau in kuka zagaya, shi ma sai ya zagaya. In kuwa kun gan shi yana binne gyaɗa a ƙasa, ku bar shi. Ramukan surukinsa yake cikewa.